Ƙannena na Gadarif, manhajarku daga hannun wa ta fito?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon gyaran waya da kwamfuta a kasuwar Gadarif ya san yadda aikin yake tafiya. Saurayi ne zai shigo da kwamfutarsa, ta yi nauyi ko ta ƙi tashi. Mai shago ya zaro filash daga aljihun gaba, filash ɗin da tun safe yake shiga na'urorin mutane yana fita, ya share komai ya ɗora sabuwar Windows. Da ta hau sai ya kashe antibairos, domin 'yar manhajar da zai fasa lasisi da ita ba ta shiga muddin antibairos yana aiki. Sannan ya kashe sabuntawa, ya ce tana cin data, kuma tana iya dawo da saƙon nan mai neman a biya kuɗin lasisi. Kafin shayi ya huce an gama, mai kwamfuta ya biya ya fita yana godiya. A bakin irin waɗannan shaguna, da kuma tsakanin ɗalibai masu karatun kwamfuta, akwai gardamar da ba ta ƙarewa. Wasu sun rantse Linux ba ta kamuwa da bairos ko kaɗan. Wasu kuma suna cewa manhajar da aka baje rubutunta a fili, kowa yana karantawa har ɓarawo, ita ce ta fi kowace haɗari. Ƙannena maza da mata, a ganina ɓangarorin nan biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Abu biyu ne ke tsare na'urarku: hannun da manhajar ta biyo kafin ta iso gare ku, da kuma ko har yanzu akwai mai ɗinke ɓarakarta idan ta bayyana. A kan waɗannan biyun muka fi sakaci, kuma su nake so mu duba da hujja.

Ga wanda bai saba ba, babbar manhaja ita ce wadda ke riƙe da na'ura gaba ɗaya, ita ke ba sauran manhajoji izinin taɓa kyamara da saƙonni da fayiloli da intanet. Windows ta kamfanin Microsoft rufaffiya ce, ba kowa ke ganin asalin rubutunta ba. Linux kuwa, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, buɗaɗɗiya ce: kowa na iya sauke rubutunta ya karanta, ya gyara, ya raba wa wasu. Kada ku ɗauka abin na nesa ne. Android ɗin da ke cikin Tecno ko Samsung ɗinku a kan Linux aka gina ta, kuma yawancin manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet da ita suke aiki. Kusan kowannenku yana yawo da buɗaɗɗiyar manhaja a aljihu, ya sani ko bai sani ba.

Ban ɗora wa masu shago laifin abin da na bayyana ba, domin ɗabi'ar tana da tarihi. A watan Nuwamba na 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin tattalin arziki, kuma takunkumin ya shafi manhajoji. Shekara da shekaru ɗan Sudan ba ya iya sayen lasisi daga kamfanonin Amurka ko da kuɗin suna hannunsa, ba shi da katin biya na ƙasashen waje, rumbunan manhajojin waya kuma suna rufe masa ƙofa da zarar sun ga daga inda ya shigo. Har SourceForge, wanda a lokacin yana cikin manyan rumbunan buɗaɗɗun manhajoji, ya toshe masu shiga daga Sudan a Janairun 2010, kafin ya sassauta bayan 'yan makonni. Sai a Fabrairun 2015 aka halatta kawo manhajojin sadarwa na amfanin kai, aka ɗage mafi yawan takunkumin a Oktoban 2017, aka cire ƙasar daga jerin masu goyon bayan ta'addanci a Disamban 2020. Shekara ashirin sun isa a haifi yaro ya girma har ya buɗe shago bai taɓa ɗora Windows ta asali ba, bai kuma san wata hanyar samun manhajar waya ba face aboki ya tura masa ta Bluetooth ko Xender. Larura ce ta haifi ɗabi'ar. Yanzu larurar ta ragu ƙwarai, ɗabi'ar tana nan daram, kuma asarar da take jawowa ta ninka ta da.

Dalilin haka kun fi ni saninsa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Gadarif ta karɓi baƙi daga Khartum, sannan daga Madani a Disamban wannan shekarar, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024. Da yawansu sun iso ba su da komai sai waya, kuma a cikin wayar ne hoton takardar makaranta yake, da na lambar ɗan ƙasa, da na takardar fili. Tsabar kuɗi ta yi wuya, ciniki ya koma manhajar banki ta waya, Bankak, tun daga mai shayi har dillalin riɗi a kasuwar amfanin gona. Lokacin da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke a Fabrairun 2024, mutane sun ga yadda mai kuɗi a asusu yake kasa sayen abincin dare. Da aka fara canjin takardun kuɗi a Disamban 2024, wanda ya buƙaci a zuba tsofaffin a banki, har waɗanda ba su taɓa mallakar asusu ba sun buɗe. A da, in bairos ya cinye maka waƙoƙi da hotuna sai ka yi tsaki ka sake ɗorawa. Yau kuɗin da ɗan'uwa ya turo daga Saudiyya ne, da kuɗin kakar riɗi, suke rataye da 'yan lambobin da ke shigowa ta saƙon waya, kuma duk manhajar da ka ba izinin karanta saƙonninka tana iya ganin lambobin nan.

Mu fara da masu tsoron buɗaɗɗiyar manhaja, domin hujjarsu tana shiga kunne. Suna cewa in ɓarawo yana iya karanta yadda aka gina abu, ai ya san inda zai ɓalle. Masana sirrin saƙo sun warware wannan tun 1883, lokacin da Auguste Kerckhoffs ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo nagari shi ne wanda ko maƙiyi ya san yadda yake aiki, ba zai buɗe shi ba sai da mabuɗi. A kan wannan ƙa'ida ake tafiya har gobe. Tsarin AES, wanda bankunan duniya ke kulle bayanai da shi, a gasar fili aka zaɓe shi, wasu masana biyu 'yan Beljiyam ne suka tsara shi, aka tabbatar da shi a 2001, kuma kowane ɗalibi na iya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe. WhatsApp ma, duk da rufaffiya ce, tun 2016 take kulle hirarku da tsarin Signal, wanda yake a bayyane. Rufe rubutu kuwa bai taɓa hana mai kutse aikinsa ba, yana da kayan warware manhaja ya leƙa cikinta. Ranar 12 ga Mayu 2017 bairos ɗin WannaCry ya bazu, ya kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150 yana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka mayar da dubban marasa lafiya gida ba su ga likita ba. Kafar da ya bi tana cikin Windows ne, rufaffiya, kuma hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta san da ita ta yi shiru tana amfani da ita, har aka sace makamin daga hannunta aka watsa. Mu a Sudan muna da namu misalin. Da aka yi wa kamfanin Hacking Team na birnin Milan kutse a Yulin 2015, takardunsa sun nuna hukumar tsaro da leƙen asiri ta Sudan ta biya shi Yuro 960,000 a 2012 domin manhajar leƙen na'urorin mutane. Cikin kayan da aka fallasa har da kafofin shiga ta Adobe Flash, rufaffiyar manhaja, waɗanda kamfanin Adobe kansa bai san da su ba.

Amma kada masoya Linux su yi saurin murna, gama manhajar ta Hacking Team an yi ta ne ta iya shiga Windows da Mac da Android da Linux duka. Abin da suke taƙama da shi shi ne tunda kowa na iya dubawa, kuskure ba ya daɗewa a ɓoye. Gaskiya ne kowa na iya dubawa, sai dai iyawa daban, yi daban. A Afrilun 2014 aka gano kuskuren da aka yi wa laƙabi da Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sadarwar shafuka masu ɗimbin yawa. Kuskuren ya shekara biyu a fili, ya bar shafuka kusan rabin miliyan a buɗe ga mai son zaro kalmomin sirrin mutane. Daga baya duniya ta ji cewa gudummawar da aikin ke samu a shekara kimanin Dala 2,000 ce, kuma mutum ɗaya tak ne ya riƙe shi a matsayin cikakkiyar sana'a. A Satumban shekarar aka gano kuskuren Shellshock a cikin Bash, manhajar karɓar umarni a Linux, kuma tun 1989 yake kwance a wurin, shekara 25 cur. A 2016 bairos ɗin Mirai ya mallake dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da na'urorin raba intanet masu aiki da Linux, kuma dabararsa ba ta wuce gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa ba, waɗanda masu na'urorin ba su taɓa canzawa ba. Da irinsa aka yi ta kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya a ƙarshen shekarar. Wanda ya ce muku Linux ba ta kamuwa bai karanta tarihinta ba.

Labarin da ya fi kowane koyarwa shi ne na XZ, wata 'yar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita kyauta, a lokacin da ya rage masa bayan sauran hidimominsa. A 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara aiko da gyare-gyare masu kyau, cikin ladabi da naci. Sai ga wasu sunaye da ba wanda ya san su suna matsa wa Collin lamba, wai aiki ya tsaya, ya kamata ya miƙa wa wani. Ya gaji, ya ba Jia Tan dama, kuma sama da shekara biyu baƙon nan yana gina amana da haƙuri. A Fabrairun 2024 ya dasa ƙofar sirri a cikin sabuwar sigar manhajar, ƙofar da in ta isa ko'ina, mai mabuɗinta zai iya shiga manyan kwamfutoci marasa adadi a faɗin duniya. Abin da ya tona shi ɗan ƙarami ne. Wani injiniya mai suna Andres Freund yana gwajin wani aiki dabam, sai ya lura shiga kwamfuta daga nesa ya ƙara jinkiri na kusan rabin sakan. Bai yi tsaki ya wuce ba. Ya bi sawu har ya iske dashen, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024, aka janye gurɓatacciyar sigar tun tana matakin gwaji, kafin ta shiga nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu da jama'a ke aiki da su. Labarin yana da fuska biyu, kuma ina so ku riƙe su duka. Buɗewar ce ta ba maci amana hanyar shiga, domin aikin ya rataya a wuyan gajiyayyen mutum ɗaya. Buɗewar ce kuma ta ba wanda ba ɗan cikin aikin ba ikon bin sawu har gindi ba tare da neman izinin kowa ba. Da rufaffiyar manhaja ce, abin da ya fi sauƙi ga Freund shi ne ya aika wa kamfani ƙorafi ya zauna jira.

Mu dawo kan abin da ke aljihunmu. Android buɗaɗɗiya ce, kuma ita ce babbar manhajar waya da masu bairos suka fi kai wa hari. Mai gaggawa zai ce to ga hujja nan. Ku dubi dai ta inda cutar ke shigowa. A Agustan 2020 masu binciken Secure-D suka bayyana cewa wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000, da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Masar da Gana da Kamaru da Afirka ta Kudu, suna ɗauke da bairos ɗin Triada da xHelper, wanda tushensa tun daga kwali yake, suna yi wa masu su rajistar ayyukan biya a ɓoye suna cinye musu kuɗin kira da data. Kamfanin da ke yin wayar ya ce wani cikin masu kawo masa kaya ne ya saka, ya kuma fitar da gyara. Habasha ba ta da nisa da mu, Gallabat ce tsakani, kayan kasuwa kuwa kullum suna ƙetare iyaka. A Agustan 2021 kamfanin Kaspersky ya sami Triada ɗin nan a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin WhatsApp na jabu da matasa ke so saboda suna ɓoye alamar an karanta saƙo, suna kuma nuna saƙon da aka goge. A ɓangaren kwamfuta, a 2021 kamfanin Avast ya gano Crackonosh a cikin fasassun wasanni, ya kama kwamfutoci sama da 200,000, kuma cikin ayyukansa na farko akwai kashe antibairos da sabuntawar Windows, wato abin da muke yi da hannunmu. A ƙarshen shekarar masu bincike suka nuna ana ɓoye manhajar satar kalmomin sirri a cikin KMSPico na jabu, abin fasa lasisin nan da kowane mai shago ya san sunansa. A duk waɗannan, wani hannu ne ya shiga tsakanin wanda ya yi manhajar da wanda ya ɗora ta, kuma hannun bai damu da ko rubutun a buɗe yake ko a rufe ba.

Manoman Gadarif sun san wannan darasi tun kafin zuwan kwamfuta. Manomi mai hankali ba ya zuba irin dawa a gonarsa don kawai an faɗa masa suna mai daɗi, sai ya tambayi daga gonar wa aka girbe shi, domin 'ya'yan ƙuduji ƙanana ne kamar ƙura, ido ba ya ganinsu a cikin iri, suna iya shekara goma a ƙasa suna jira, kuma kafin furen ya fito ka gan shi ya riga ya tsotse saiwar dawa. Haka manhaja take. Sunan da ke kanta, Windows ko Linux ko WhatsApp, bai gaya maka abin da aka cakuɗa mata a hanya ba, kuma yawancin bairos na yanzu ba ya son ka san da shi, domin muddin na'urarka tana aiki lafiya a idonka shi yana ci. Sai tambaya ta biyu, ta ɗinke ɓaraka. Microsoft ya fitar da gyaran kafar da WannaCry ya bi tun 14 ga Maris 2017, kusan wata biyu kafin annobar, kuma waɗanda ta kama su ne waɗanda gyaran bai hau na'urorinsu ba. An fitar da gyaran Heartbleed a ranar da aka sanar da shi, amma shekaru bayan haka ana ta samun dubban na'urori da ba a gyara ba. Ba a taɓa rubuta babbar manhaja marar kuskure ba. Abin da ya bambanta na'ura da na'ura shi ne tsawon lokacin da kuskuren da duniya ta riga ta sani yake zama a cikinta. A kwamfutar da aka kashe wa sabuntawa, ko mai Windows 7 wadda aka daina yi wa gyara tun 14 ga Janairu 2020, wannan lokacin ba shi da iyaka.

Da wannan ma'auni nake ba ku shawara. Wanda yake da Windows ta asali, wadda ta zo da kwamfutar ko ya saya, ya bar sabuntawa a kunne, ya bar antibairos ɗin da ke cikinta yana aiki, to yana cikin tsaro mai kyau, kuma ba ni da dalilin ce masa ya sauya. Sai dai zaɓin da ke gaban yawancinku tsakanin fasasshiyar Windows ne da Linux ta asali, kuma a nan ratar tana da faɗi. Ubuntu da Debian da Linux Mint ba sa neman Dala ko katin banki, don haka babu abin fasawa, babu dalilin kashe wani tsaro. Manhajojin da kake buƙata daga rumbu ɗaya suke zuwa, da hatimin lantarki wanda na'urarka ke tantancewa kafin ta karɓa, in an taɓa ko harafi ɗaya a hanya ta ƙi. Ba ka aiki da cikakken iko kullum, duk abin da zai taɓa gindin tsarin sai an nemi kalmar sirrinka. Sigar Ubuntu mai dogon zango tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, da gyaran tsaro kyauta na shekara biyar. Bairos ɗin filash ɗin nan mai ɓoye fayilolin ɗalibai ya bar musu gumakan bogi a madadinsu, don Windows aka rubuta shi, a Linux ba ya motsi. Akwai masu cewa wani ɓangare na wannan kwanciyar hankali daga ƙarancin masu amfani da Linux a kwamfutar gida ne, ɓarawo kuwa inda jama'a suka taru yake zuwa. Na yarda da su. Amma rumbu mai hatimi da taƙaita iko gini ne na gaske wanda ba ya dogara da yawa ko ƙarancin jama'a, shi ya sa Windows da Android ma suka rungumi wannan hanya.

Na san abin da za ku ce: data tana da tsada, layi yana zuwa yana ɗaukewa, wuta ma haka. Uzuri ne na gaske, ban raina shi ba. Amma gyaran tsaro yana da sauƙi in ana yinsa a kai a kai, wanda ya tara na shekara ne yake yi masa yawa, kuma ku auna shi da datar da bidiyo ke ci a dare ɗaya. In dole sai an zaɓa, a fara da babbar manhaja da burauza da manhajar banki. Za ku kuma ce malami yana son aiki a Word, ko sashenku yana amfani da wata manhajar zane ko lissafi da ba ta hawa Linux. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word da Excel tana ajiyewa, tana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, kuma ta ishi mai rubuta binciken kammala karatu, ko da yake wani lokaci tsarin shafi yana ɗan gocewa sai an daidaita. Mai ƙididdiga yana da R, mai taswirar gonaki yana da QGIS, duka kyauta. Inda babu makawa sai manhajar Windows kuma babu halin saye, to aƙalla a raba: na'urar da aka ɗora wa fasasshen abu kada a shiga banki ko imel da ita, kada a ajiye takardun gida a cikinta. Ban halatta fasawa da wannan magana ba, haƙƙin mai abu yana nan, rage ɓarna kawai nake nufi.

Uzurin da ya fi damuna shi ne na mai cewa ni talaka ne, me za a sata a wurina. Bairos ba ya zaɓen mutum, kafa yake nema, kuma na'ura ce ke nemo masa ita dare da rana. In asusunka babu komai, lambar wayarka tana da daraja: da ita za a karɓe WhatsApp ɗinka a rubuta wa mahaifiyarka, ko yayanka da ke Jidda, cewa kana asibiti a turo kuɗi, su kuwa su tura domin sunanka suka gani. Hotunan ƙawayenki da ke wayarki amana ce, kuma kin san abin da hoto ɗaya zai iya jawo wa yarinya a unguwa. A lokacin yaƙi kuma, saƙo ko hoto ko inda waya ta nuna mutum yake yana iya zama sanadin a tsare shi, ko abin da ya fi haka muni. Wanda ya bar na'urarsa a buɗe, duk mutanen da ke jerin lambobinsa ya bari a buɗe.

Ku kuma ƙannena masu shago, maganata ta fi nauyi a kanku, domin hannun da nake ta ambata sau da yawa naku ne. Gwaggon da ta miƙo muku waya ta ce a saka mata Bankak ba ta san Play Store ba, ku ta sani. Ku sauke mata daga rumbun asali, ku bar ta ta rubuta lambar sirrinta da hannunta kuna kau da kai. Ku ware filash ɗaya na ɗora babbar manhaja, wanda ba a kwasar fayilolin kowa da shi. In kun sauke Linux ku tantance sa hannun lantarkinta kafin ku ɗora wa mutane, gama ranar 20 ga Fabrairu 2016 an yi wa shafin Linux Mint kansa kutse, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓatacciyar siga. Saukewa ɗaya mai tsabta tana isar kwamfuta ɗari, kuma a garin da data ke da tsada wannan sana'a ce mai riba da lada. Mai shagon da aka san na'ura ba ta fitowa daga hannunsa da cuta ba zai rasa ciniki ba.

Ga masu karatun kwamfuta a Jami'ar Gadarif da sauran makarantu, abin da Heartbleed da XZ suka nuna shi ne buɗaɗɗun manhajoji suna fama da ƙarancin masu karantawa, kuma su ne manhajojin da rashin Dala ba ya hana ku leƙa cikinsu. Ku zaɓi ƙaramin aiki ɗaya ku karanta rubutunsa har ku fahimce shi, ku kai rahoton kuskuren da kuka gani, ku fassara gargaɗin tsaro zuwa Hausa da Larabci domin iyayenmu su daina danna alamar yarda a kan abin da ba su gane ba. Ku nemi a ajiye muku kwafin rumbun Debian ko Ubuntu a kwamfuta ɗaya a jami'a, kowa ya sabunta tasa daga nan ba tare da ƙona data ba. Aikin yana jiranku, domin Microsoft ya daina yi wa Windows 10 gyara na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta karɓar da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da muke saye na hannu. Sauranku kuma, tun 2015 Google yake fitar da gyaran tsaron Android duk wata, amma wayoyi masu araha da wuri suke daina samu. Ku shiga saitin wayarku yau ku duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe. In ta wuce shekara biyu, kada ku ɗora wa wayar komai daga wajen Play Store, ku kuma fara tanadin canza ta in Allah Ya hore. Ku cire WhatsApp na jabu, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku ajiye kwafin takardunku a wuri biyu dabam. In kun gama da taku, ku karɓi ta mahaifiyarku ku yi mata haka.